Littafin aikin faifai: karatun Malam, hotunan gida da bidiyon bukukuwa

Asabar, 2 ga Nuwamba 2019

Yau na fara. Kaya uku nake so in kwashe daga kwamfutar tebur ta gida zuwa faifai. Na farko karatun fiƙihu ne da marigayi mahaifinmu, Malam, yake bayarwa a zaure tsakanin Magariba da Isha'i. A kaset aka ɗauke shi, daga baya wani almajirinsa ya zauna ya mayar da shi MP3, Allah ya saka masa da alheri. Na biyu hotunan gida, na uku bidiyon bukukuwan aure da na suna. Duka suna cikin rumbun ajiya ɗaya na cikin kwamfutar, kuma rumbun ya fara wata 'yar ƙara in an kunna kwamfutar da safe, wadda ba ta kwanta mini a rai ba.

Yaya ya tambaye ni me ya sa ba zan zuba a filas in huta ba. Na ce masa filas ana aronsa, ana goge shi a zuba wani abu, yana kwaso cuta daga kowace kwamfuta aka soka shi. Faifan CD-R ko DVD-R kuwa, da zarar an buga shi an rufe, ba mai iya gogewa ko ƙara masa wani abu. Sannan Gwaggo ba ta da abin kallo sai na'urar DVD da talabijin, Inna kuma rediyonta mai cin CD ne.

Na je Ƙofar Wambai na sayo kaya. DVD-R fakiti mai 50, N3,800. CD-R mai 50, N2,800. CD-RW, irin wanda ake iya gogewa a sake rubutu, guda biyu na gwaji, N600. Jakar faifai N1,200, maka mai laushin baki N300. Jimla N8,700.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Tantance kaya kawai. Sauti gigabayit 6, kusan awa 100 ke nan. Hotuna sun kai gigabayit 21, amma da na cire masu maimaici suka dawo 17. Bidiyo gigabayit 34. Na jera hotunan folda-folda bisa shekara.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Windows 7 ne a kwamfutar, kuma shi da kansa yana buga faifai ba sai an ɗora wata manhaja ba. Kana saka sabon faifai zai tambaye ka sunan da za ka ba shi, sannan ya ba ka zaɓi biyu: ko ka yi amfani da shi kamar filas, ko ka shirya shi don na'urar CD da DVD. Na fara da na farko domin shi ne ya fi kama da abin da hannu ya saba. Ya ɗan ɗauki lokaci yana shirya faifan, daga nan na buɗe taga biyu, na kama fayil da linzami daga wannan na ja na sauke a waccan. Nan take fitilar mabugin, wato na'urar da ke buga faifan, ta fara ƙiftawa, fayil ya shige. Na canza wa wani suna, na goge wani, duk ya yarda. Gaskiya abin da daɗin aiki.

Da yamma na kai wa Yaya ya saka a motarsa. Rediyon ya juya faifan, ya juya, ya tofo shi. Na yi zaton don CD-RW ne, tunda shi ba ya mayar da haske sosai kamar CD-R kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ganinsa. Na dawo na maimaita a CD-R da wannan tsarin dai, aka sake tofo shi.

Dalilin shi ne wannan zaɓin yana rubuta faifan gutsure-gutsure a bisa wani tsarin jera fayil mai suna UDF. Kwamfuta mai Windows XP zuwa sama tana karanta shi, amma rediyon mota da na'urar falo yawancinsu ba da shi aka gina su ba. Akwai kuma abubuwa biyu da na lura da su. In ka goge fayil a CD-R, sunansa ne kawai yake ɓacewa, gurbin da ya ci ya tafi ke nan, domin hasken leza ya riga ya ƙona rinin wajen. Sannan duk fitar da faifan da za ka yi sai an rufe zangon da ka rubuta, kuma kowane rufi yana cin kusan megabayit 20. Mai saka fayil ɗaya yau, ɗaya gobe, zai ga faifansa ya cika bai san inda wurin ya tafi ba.

Wannan tsarin zai yi wa mai ajiyar takardun ofis a kwamfutarsa amfani. Aikina na rabawa dangi ne, don haka na bar shi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ɗan Yaya ya zo taya ni. Yaro ne mai kaifin hannu a kwamfuta, na bar masa faifan hotunan 2008 zuwa 2011 na tafi ɗaurin aure. Na dawo na tarar ya rubuta suna a kai ya saka a jaka. Na juya bayan faifan a haske, fes yake, babu wannan zoben mai ɗan duhu da ke nuna inda aka rubuta.

Na ce, "Wannan ai ba a buga shi ba."

Ya ce, "Baffa, wallahi da idona na ga sun shiga. Na ja su na sauke, har kore ya cika."

Bai yi ƙarya ba. A zaɓi na biyu, in ka ja fayil ka sauke a tagar faifan, ba faifan yake zuwa ba tukuna. Kwamfutar tana tara su ne a wata folda ta wucin gadi a cikin rumbunta, ta nuna maka su a matsayin masu jiran a rubuta. Kamar kaya ne da aka jibge a tasha, mota ba ta tashi ba. Sai ka danna maɓallin bugawa da ke saman tagar, ka zaɓi gudu, sannan ta rubuta su gaba ɗaya a zama guda. Na nuna masa, muka yi tare, ya ga zoben ya fito a bayan faifan.

Wani abin da ya ɗaure mana kai: mun tara hotuna har gigabayit 4.6, tunda an rubuta 4.7 a jikin faifan, kwamfuta ta ce ba za su shiga ba. Ƙidaya ce ta bambanta. Masu yin faifan DVD suna lissafi da dubu-dubu, wato bayit biliyan 4.7, ita kuma Windows tana lissafi da 1,024, sai wannan adadin ya zama kusan 4.38 a wajenta. Abin mamaki, CD ba shi da wannan rikicin, megabayit 700 ɗin da aka rubuta a jikinsa ita ce 700 ɗin da kwamfuta take gani. Na yanke wa kaina iyaka: DVD ba zai wuce 4.2 ba, CD ba zai wuce 680 ba. Rubutun faifai daga tsakiya yake farawa ya yi waje, kuma bakin waje shi ne ya fi shan yatsa da karce, gara a bar shi fanko.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Faifan hotuna biyu bayan Isha'i. Lafiya lau.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An ɗauke wuta ana tsakiyar buga faifan hotunan 2015. UPS ɗin, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Faifan ya tashi daga aiki: ba a karanta shi, ba a kuma sake rubutu a kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba faifan ba ne, rumbun ne, domin irin wannan mutuwar farat ɗaya ita ce ke ƙarasa rumbu mai ciwo. Da wuta ta dawo na kunna da addu'a a bakina, ya tashi.

Na buɗe UPS ɗin, batirin ya kumbura. Irin mai bolt 12 ne da kowa ya sani. Sabo N4,500. Na gwada shi ta hanyar zare filogi daga bango, ya riƙe kwamfutar da allonta fiye da lokacin da DVD ɗaya yake buƙata. Daga yau in wutar tana rawa ba zan fara bugu ba.

Kafin in kwanta na kwafe foldar karatun Malam zuwa filas ɗin ɗan Yaya, na wucin gadi, har a gama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na koma wata manhaja ta kyauta, CDBurnerXP. Sunanta ne kawai yake da XP, tana aiki a Windows 7 ba matsala. Ita ma ja-ka-sauke ce: kayan kwamfuta a sama, faifai a ƙasa, ga wani layi a can ƙasa da ke nuna yadda faifan yake cika. Abin da ya kai ni gare ta abu biyu ne. Tana da wajen da za ka ce a rufe faifan gaba ɗaya, kuma tana da wajen da za ka ce bayan an gama a sake karanta duk abin da aka rubuta a gwada shi da na asali. Wannan tantancewar tana kusan ninka lokacin aiki, amma ni a wajena faifan da ba a sake karantawa ba ba a gama shi ba. Saƙon "an kammala" yana nufin mabugi ya gama aika haske ne, ba ya nufin abin zai karantu.

Na kuma ɗora ImgBurn. Ba ta kai waccan sauƙin kallo ba, amma tana faɗin abubuwan da ke cikin faifai dalla-dalla, har da lambar masana'antar da ta yi shi da irin gudun da ya yarda da shi.

Na mayar da faifan hotunan da aka buga a baya cikin kwamfuta, na gwada yawan fayil da yawan bayit da na foldar asali, na buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe. Sun yi daidai.

Talata, 19 ga Nuwamba

Faifan MP3 na farko ya yi magana a motar Yaya. Muryar Malam ta fito yana bismilla, muka yi shiru mu biyu har ya kai ƙarshen babin. Yaya ya ce, "Ka yi aiki, Allah ya yi albarka."

Sai dai akwai gyara biyu. Darussan sun fito a hargitse: na 1, sai na 10, na 11, na 12, can daga baya na 2. Kwamfuta tana gane cewa 2 tana gaban 10, rediyon mota kuwa harafi-harafi yake bi, duk abin da ya fara da 1 sai ya gama da shi. Maganin shi ne sifili a gaba: 01, 02, 03. A karatu irin wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne, ba za a ji hukuncin abin da ke warware alwala ba kafin a ji yadda ake yin ta.

Na biyu, sunayen da na rubuta da ƙ da ɗ da ɓ sun fito da alamar tambaya a fuskar rediyon. Tsohon tsarin faifai, ISO 9660, a matakinsa na farko harafi 8 yake ɗauka da 3 na nau'in fayil, manyan baƙaƙen Turanci da lambobi da layin ƙasa (_) kawai. Ƙarin da ake kira Joliet yana ɗaukar har harafi 64 kuma ya san baƙaƙenmu masu lanƙwasa, shi ya sa a kwamfuta suke fita daidai. Rediyon ne ba shi da su a cikinsa. Ban ji daɗin sauke su ba, amma na raba aikin biyu: faifan ajiya zai riƙe sunaye da rubutun Hausa na ƙwarai, faifan mota kuma gajerun sunaye marasa lanƙwasa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Sauya sunayen darussa. Ba bugu yau.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Rediyon Inna bai san MP3 ba sam, sai faifan sauti irin na asali. A nan lissafi ya canza gaba ɗaya. Faifan MP3 da nauyi ake auna shi, kuma a yadda aka matse karatun Malam CD ɗaya yana ɗaukar kusan awa 12. Faifan sauti kuwa da minti ake auna shi, minti 80 ne, komai ƙanƙantar fayil ɗin da ka jawo, domin manhajar tana warware shi ta mayar da shi cikakken sauti kafin ta rubuta.

Matsalar ita ce yawancin kaset ɗin da aka yi ɗaukar da su masu minti 90 ne, 45 kowane gefe. Kaset guda ba ya shiga faifai guda. In na sa gefe ɗaya a kowane faifai, kusan rabinsa ya tafi a banza, in na cika shi kuma sai darasi ya yanke a tsakiyar magana. Na zauna da Inna na tambaye ta waɗanne ta fi so. Ta ce babin tsarki da na salla da na azumi sun ishe ta, sai kuma addu'ar da yake rufe karatu da ita. Na saurari waɗannan da Audacity, manhajar gyaran sauti, ina yankawa a inda Malam ya ce "wallahu a'alamu" ya numfasa, na haɗa su yadda kowane faifai zai tsaya tsakanin minti 70 da 78.

Manhajar tana saka shirun daƙiƙa 2 tsakanin kowane yanki da na gaba. A waƙa ba a damuwa da shi, a karatun da aka raba tsakiyarsa kuwa yana jin kamar an katse mutum. Akwai wajen cire shi, na cire.

Wannan ne ɓangaren da ya fi cin lokaci tun da na fara, kuma shi ne na fi jin daɗinsa. Akwai darussan da ban taɓa ji ba, ina makarantar kwana lokacin da aka yi su.

Asabar, 30 ga Nuwamba

CD sun ƙare ana tsakiyar saiti na uku na MP3. Don kada in shiga kasuwa, na sayi guda 25 a wani shago na unguwa, N1,500, ba kwali, a leda aka ƙirgo mini su. Suna da suna a jiki mai kama da na kirki.

Na farko ya bugu har ƙarshe, manhaja ta ce an gama, sai tantancewa ta tsaya a wajen kashi 90 cikin 100 ta ce ba ta iya karanta wani yanki. Na biyu haka. Ba don tantancewar ba da na saka su a jaka na aika wa ƙanwata, darussan farko su yi ta tafiya daidai, sai an kai na ƙarshe abin ya tsaya, ita kuma ta ɗauka rediyonta ne.

Na duba su a ImgBurn, lambar masana'antar ba ta yi kama da ta waɗanda na saya da farko ba. Na ɗaga ɗaya a hasken taga, ana hango haske ta wasu 'yan ɗigo-ɗigo a rufin saman. An rubuta 52x a jikinsu. Na sauke gudu zuwa 16x, wasu suka wuce tantancewa, wasu suka faɗi a wuri guda dai, can bakin waje. Ko waɗanda suka wuce ban yarda in ɗora musu muryar Malam ba, faifan da ya wuce da ƙyar yau ban ga abin da zai hana shi faɗuwa bayan damina biyu ba. Na ware su don gwaji.

Game da gudu: 1x a CD kilobayit 150 ne a daƙiƙa, a DVD kuwa ya kai kusan ninki tara na haka, don haka 16x na DVD ba ɗaya ba ne da 16x na CD. Na tsaya a 16x ga CD, 8x ga DVD. DVD cikakke yana ɗaukar wajen minti 9 a haka, ban da tantancewa.

Litinin, 2 ga Disamba

Na koma Ƙofar Wambai. Rabin fakitin CD mai kyau N1,500, ƙarin DVD-R 50 N3,800, kwanson roba 20 na waɗanda za a rabar N1,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Bidiyo. Na ja fayilolin bikin ƙanwata na sauke a DVD yadda na yi wa hotuna, na kai wa Gwaggo. Na'urarta ta nuna sunayen foldoji, ta buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin, sauran da aka ɗauka da waya ta ƙi su. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ni dai irin wanda ake sakawa ya fara da kansa nake so."

Tana da gaskiya, kuma irin wannan ba a samunsa da ja-ka-sauke kaɗai. Faifan DVD na kallo yana da gininsa: folda mai suna VIDEO_TS, a cikinta fayilolin VOB waɗanda kowanne ba ya wuce gigabayit 1, da wasu ƙanana masu gaya wa na'ura inda za ta fara. Dole sai an juya bidiyon zuwa MPEG-2 tukuna. Na yi amfani da DVDStyler, ita ma kyauta ce: ka jawo bidiyo ka sauke a layin ƙasa, ka zaɓi hoton bango, ka sa maɓallai. Na zaɓi PAL tunda shi ne tsarin talabijin ɗinmu a Najeriya, hoto 25 a daƙiƙa. Bidiyon wayar da aka ɗauka a tsaye ya fito da baƙi hagu da dama, ba yadda za a yi da shi.

Juyawar tana wahalar da tsohuwar kwamfutar, bikin awa biyu ya cinye mata yamma guda, fankarta tana ta ihu. Na sa ta fitar da kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, wato ISO, maimakon ta buga kai tsaye. Haka ya fi: in kalla a manhajar kallon bidiyo ta VLC in tabbatar, sannan in buga kwafi nawa nake so daga ISO ɗin ba tare da an sake juyawa ba.

Talata, 10 ga Disamba

ISO biyu sun kammala. Na buga na Gwaggo.

Asabar, 14 ga Disamba

Inna ta fito da wata leda daga ƙasan akwati, tsofaffin faifai ne. Yawancinsu VCD na bukukuwan farkon shekarun 2000. A cikin kowanne akwai folda MPEGAV, bidiyon yana ciki da suna irin AVSEQ01.DAT. Ana jawo shi zuwa kwamfuta kamar kowane fayil, VLC tana buɗe shi. Hoton ƙarami ne, 352 a 288, fuskoki sun ɗan dushe a babban allo, amma ana gane kowa, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Biyu sun karce sosai, kwafi yana tsayawa a tsakiya. Na wanke su da ruwa da ɗan sabulu, na goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi layin rubutu ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Ɗaya ya kwafu. Ɗayan rufin samansa ne ya ɓare, ana ganin haske ta wajen, wannan kam ba dabara.

Akwai kuma wani CD-R da aka rubuta "hotunan Hajji" a kai, wanda wani shagon kwamfuta ya yi wa Malam. Ɗan Yaya ya ce ya taɓa gwada shi a wata kwamfuta mai karatu kawai, ta nuna babu komai. Bayan faifan kuwa da zoben rubutu a fili. A wancan zamanin akwai manhajojin ja-ka-sauke da ake ɗorawa daban, irin DirectCD na Adaptec wanda daga baya ya zama Drag-to-Disc a hannun Roxio, da InCD na Nero. Duk wanda aka yi aikin da shi, mai shagon bai rufe faifan ba ya miƙa. Faifan da ba a rufe ba ba shi da jadawalin da na'ura mai karatu kawai take nema, amma mabugi yana iya leƙa shi. Na saka a namu, ya daɗe yana juyi, sai ga folda ta fito. Hotuna 63, Malam da harami, Malam a Mina, wasu tare da abokan tafiyarsa. Ban tsaya kallo ba sai da na kwafe su wuri biyu. Inna ta sa an kira mata Gwaggo a waya tun kafin in gama.

Alhamis, 19 ga Disamba

Faifan bidiyo na ajiya, wato fayilolin asali yadda suke ba juyi. Wani fayil ɗaya ya haura gigabayit 4, sai da na zaɓi UDF kafin ya shiga, kuma shi kaɗai ya ci faifansa.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, ƙura har cikin ɗaki. Mabugin ya fara rashin lafiya: a saka sabon DVD ya ce babu faifai, a fitar a mayar ya gani, a fara bugu ya tsaya a farko-farko. CD kuwa yana karantawa lafiya. Mai gyara a Titin Beirut ya ce hakan na faruwa, domin hasken da ke karanta CD daban yake da na DVD duk da suna cikin ido guda, ɗaya yana iya gajiya ya bar ɗaya. Ya buɗe, ya hure ƙurar, ya goge idon da auduga da sifirit, N500. Ya ce in ya sake yi, to ƙarfinsa ne ya ƙare.

Ya buga faifai ɗaya lafiya, na gaba ya faɗi a tantancewa.

Litinin, 23 ga Disamba

Na sayi wani mabugin na hannu, mai igiyar SATA irin na ciki, N4,000, da sharaɗin in dawo da shi in bai yi ba. Noti huɗu da igiya biyu ne, na ɗaura da kaina. Faifan da tsohon ya buga a makon da ya wuce duk na sake karanta su a sabon, tunda mabugi mai ciwo yana iya karanta rubutun kansa wani ya kasa. Ɗaya daga na bidiyo ya yi ta jan ƙafa wajen buɗewa, na sake buga shi. Yanzu ina rufe kwamfutar da zani in an gama aiki.

Asabar, 28 ga Disamba

Rubuta sunaye. Maka kawai, kuma a kan farin zoben tsakiya inda babu rubutun leza in sunan zai shiga. Na hana yara biro. A CD abin da ke ɗauke da bayanin yana dab da saman da ake rubutu a kai, siririn fenti ne kawai ya rufe shi, biro yana iya huda shi. DVD ya fi haƙuri tunda nasa yana tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce. Takardar manne ma ban sa ba, tana sa faifai ya yi rawa in yana juyawa da gudu, kuma zafi yana ɓare ta.

Na buɗe wani littafi na rubuta lambar kowane faifai da abin da ke ciki da ranar bugu da irin faifan.

Lahadi, 5 ga Janairu 2020

Gwaggo ta kalli nata daga farko har ƙarshe tare da maƙwabta. Ƙorafinta ɗaya, rubutun maɓallan ya yi ƙanana, kuma ba ta son sai ta nemi rimot. Zan sake mata wanda zai fara da kansa ba tare da shafin zaɓi ba. Na Inna suna aiki. Na roƙi Yaya kada ya bar nasa a gaban mota, rana da zafi su ne manyan abokan gaban rinin da ke cikin faifan.

Asabar, 11 ga Janairu

Lissafin kuɗi zuwa yau: kayan farko N8,700, batir N4,500, faifan unguwa N1,500, kayan 2 ga Disamba N6,300, gyara N500, mabugi N4,000. Jimla N25,500. Yaya ya ba da N10,000, ƙanwata ta ce za ta ɗauki kuɗin rumbun waje.

Abin da aka gama: karatun Malam cikakke a DVD biyu, saiti uku. Na MP3 a CD tara, saiti uku. Na Inna. Hotuna a DVD biyar, saiti uku. Bidiyon asali saiti biyu, na kallo kuma an yi na bukukuwa huɗu, saura biyu da VCD ɗin da aka ceto.

Saiti ɗaya na ajiya zai zauna a nan cikin kabad, a tsaye cikin kwanso, nesa da taga. Ɗaya zai tafi gidan Yaya, don kada gobara ko ruwa su haɗa su a wuri guda. Ranar Talata mai zuwa, 14 ga wata, Microsoft za ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro, don haka zan zare kwamfutar daga intanet ta zama ta wannan aikin kawai. Manhajojin da nake buƙata duk suna ciki, na kuma ajiye kwafinsu a faifai guda.

Mataki na gaba: in rumbun waje ya zo, kowane faifan ajiya zan ɗauki ISO ɗinsa da ImgBurn in zuba a ciki. Zan tambayi kuɗin M-DISC, wanda ba da rini yake rubutu ba, in ga ko sabon mabugin yana ɗaukarsa, ko da karatun Malam kaɗai ne a sa a kai. Almajirin Malam ya ce akwai sauran kaset a wajen wani abokin karatunsa a Wudil waɗanda ba a taɓa juyawa ba. Na ce ya karɓo su, ni zan nemo rediyon kaset mai lafiyayyen kai da igiyar da za ta haɗa shi da kwamfutar.